Zazzaɓi a Tsakiyar Hunturun Jos

Mutumin Jos zai iya yafe maka bashi, zai iya yafe maka ka taka masa sabon takalmi ranar Juma'a, amma ka ce garinsu akwai zafi, to sai an nemo mai shiga tsakani. Sanyin nan shi ne gadonmu. Kano na da kasuwa da badala, Katsina na da Gobarau, Sakkwato na da Sarkin Musulmi, mu kuwa idan an zo gasar alfahari rigar sanyi muke fitarwa. Garin yana zaune ne a kan tudu, kimanin mita 1,200 sama da teku, kuma tsakanin Nuwamba da Janairu akan sami daren da ma'auni ke sauka ƙasa da digiri 10. Idan 'yan'uwa suka kira daga Kano a watan Afrilu suna kukan digiri 40, sai mu gyara murya mu ce, "Allah sarki, mu nan da bargo muka kwana," ko da kuwa bargon yana ninke a cikin akwati.

Ni wannan alfahari ya kama ni fiye da kima, kuma a hunturun da ya wuce shi ya cinye mini albashi, ta hannun wata kwamfuta.

'Yar tafi-da-gidanka ce, tokumbo, baƙa, mai nauyi, da jajayen fitilu a ƙarƙashin madannanta. Don aiki na saye ta. Haka dai na shaida wa uwargida, kuma ba duka ne ƙarya ba, tunda ni malamin makaranta ne, akwai tambayoyin jarrabawa da sakamakon ɗalibai da ake bugawa ƙarshen kowane zango. Ta ɗaga ta da hannu biyu, ta juya ta, ta ce, "Malam, buga jarrabawar ne sai da jan wuta?" Na ce saboda aikin dare ne. Ta ce, "To fanka biyun nan fa?" Na ce ba za ta gane ba. Ta gane sarai. Ta dai bar ni ne in kai ƙarshen bayanin don ta ji inda zan tsaya.

Abin da na zuba kuɗi dominsa shi ne katin hoto. Kowace kwamfuta tana nuna rubutu da hoto, amma ta buga gem tana da wata ƙwaƙwalwa ta biyu wadda ba ta da aiki sai zane, kuma kamfanonin Nvidia da AMD ne suka fi suna wajen ƙera irinta. A wasan ƙwallo, katin nan ne ke zana ciyawa, da 'yan wasa 22 da inuwarsu, da dubban 'yan kallo, da kaɗawar riga, ya goge ya sake zanawa sau 60 a daƙiƙa ɗaya. Wuta yake sha ba kaɗan ba, kuma duk wutar da ya sha zafi take komawa. Yanzu nake iya faɗar haka cikin natsuwa. A wancan lokacin da ka gaya mini, da na ce maka ai wannan matsalar mutanen Kano ce.

Kada mai karatu ya yi saurin yanke hukunci, wai ƙato da furfura a gemu yana wasan yara. Jos garin ƙwallo ne. Nan Mighty Jets suka yi zamaninsu, nan Plateau United ta ɗauki kofin firimiyar Najeriya a 2017, nan aka haifi Mikel Obi, nan aka haifi Ahmed Musa da ya zura wa Ajantina biyu a gasar kofin duniya ta 2014. Ni ma na taka leda a ƙuruciya, a filin firamare, inda ake saka ni a raga saboda ƙwallon nawa ne. Abin da ƙafa ta kasa yi a lokacin, shi yatsu ke ƙoƙarin ramawa bayan isha'i.

Rikicin ya taso ne a Disamba, daidai zuwan ɗan ƙanwata hutu daga Bukuru. Yaro ne ɗan aji biyu a ƙaramar sakandare, mai kunya, ba ya ɗaga kai idan yana gaishe ni, ba ya kuma tausaya mini idan ya riƙe hannun gem. Ga yadda muke zama: a kan katifa, taga a rufe, kaskon wuta a bakin ƙofa, bargo mai kauri har ƙirji, kwamfutar kuma a kan bargon a tsakaninmu, ta nutse cikinsa tana hutawa. Zagaye na farko lafiya lau. Da an dawo daga hutun rabin lokaci sai abubuwa su fara. Ɗigo-ɗigo kore da shunayya su warwatsu a fili, hannun mai tsaron gida ya miƙe har ya fice ta saman allo, hoto ya tsaya cak, muryar mai sharhi ta maƙale a kan gaɓa ɗaya tana ta nanatawa. Allo ya yi baƙi, sannan in tsinci kaina ina kallon fuskar Windows, ga ɗan saƙo a lungu yana cewa direbar hoto ta daina amsawa amma ta farfaɗo. Ita ta farfaɗo, wasan kuwa sai dai a yi masa addu'a.

Da yake a zagaye na biyu abin ke faruwa, kuma a zagaye na biyu galibi ana kan cina ne, sai yaron ya fara sa mini ido. Bai ce uffan ba, amma na lura da ya ci na uku yakan daina kallon allo, ya koma leƙen ko akwai wani maɓalli da nake latsawa da gwiwa ta ƙarƙashin bargo.

Wani dare, bayan ta sake yi, ya ɗora tafin hannunsa a gefenta ya janye da sauri. Ya ce, "Kawu, ta yi zafi fa. Taɓa nan ka ji."

Ban taɓa ba. Na ce, "Zafi? A Jos? A Disamba? Kai da ka sa safa biyu?" Na ba shi lacca kyauta a kan tudu da teku, na tuna masa cewa Turawan mulkin mallaka nan suke gudowa su huta daga zafin sauran garuruwa, na ce ko dankalin turawa bai yarda ya zauna ko'ina ba sai Bokkos da Mangu. Ya ce, "To, Kawu." Daga wannan dare na cire zafi daga jerin waɗanda ake tuhuma, na wanke shi tas, na rufe shari'arsa. Kyanwar gidanmu, wadda tun zuwanta ba ta taɓa kula ni ba, ta koma kwanciya a gefen hagu na kwamfutar, daidai inda iska ke fita. Na ɗauka ƙaunata ce ta shige ta a ƙarshe.

Yaron na fara tuhuma, wai ya soka mini filashi mai cuta. Na sa manhajar kashe cuta ta kwana tana bincike, da safe ta kamo abu guda, shi ma ni na sauko da shi da hannuna.

Sai na koma kan direba, tunda sunanta saƙon ya ambata. Direba, a bakin masu gyara, ita ce manhajar da ke tsakanin katin hoto da Windows: gem ya faɗi abin da yake so a zana, ita ta isar wa katin. Kuma duk wanda ka kalla a YouTube, Bature ne ko Ba'indiye, maganarsa ta farko ita ce a sabunta ta. Abin da ba sa faɗa shi ne ta haura megabait 500, kuma su ba su san an ƙara mana kuɗin data da kashi 50 cikin 100 a farkon 2025 ba. Dole na koma wa garaɓasar tsakar dare. A cikin ɗaki sabis ba ya kamawa, don haka sha biyu na bugawa sai in fito tsakar gida da rigar sanyi da hula mai rufe kunne, in zauna a kan tabarma, waya a kan katanga, kwamfuta a cinya, ina kallon layi yana rarrafe, haƙora na haɗuwa. Idan ya kai kashi 90 sabis ya ɗauke, sai in ɗaga hannu sama ina maganganun da ba na rubutawa ba ne.

Ashe maƙwabcina, dattijo mai tashin dare, yana hango haske da ɗaga hannun nan ta saman katanga. Bayan sallar asuba ya riƙe hannuna a ƙofar masallaci, ya ƙi saki, ya ce, "Malam, muna ganin ƙoƙari. A riƙa sa mu a ciki." Na ce, "In sha Allahu, Baba." Me zan ce?

Sabuwar direba ta hau, wasa ya mutu a inda ya saba mutuwa. Na koma YouTube, sai ga wasu suna rantsuwa cewa sabuwar ce ma matsalar, a koma tsohuwa, amma sai an share sabuwar tas da wata manhaja mai suna DDU. Na share. Kwamfutar ta tashi da haruffa manya-manya, komai ya kumbura ya cika allo, cikina ya ɗuri ruwa, na ce shi ke nan na makantar da ita. Ashe haka take yi idan babu direba. Na sake wani zaman tsakar gida na sauko da tsohuwar, darajata a idon maƙwabci ta ƙara hawa, wasa kuma ya sake mutuwa.

Daga nan na shiga rage wa katin kaya. Na kashe inuwa, na aske ciyawa, na rage 'yan kallo, na sauke kaifin hoto daga 1080 zuwa 720, na canza DirectX 12 zuwa 11, har ta kai ba ka bambance ɗan wasa da alƙali sai ta launin riga. Abin mamaki, sai wasan ya riƙa kaiwa wajen minti na 70 kafin ya faɗi. Mai hankali zai tsaya nan ya yi lissafi: an rage aiki, mutuwa ta jinkirta, to mene ne abin da ke taruwa a hankali idan ana aiki? Ni kuwa sai na ce addu'ar maƙwabci ce ta fara ci.

Akwai daren da na ji kaina ya yi girma, don na gano sirrin saƙon nan na lungu. Tun daga Windows Vista, wanda ya shiga kasuwa a 2007, Microsoft ta ajiye wani mai gadi a ciki: idan katin hoto ya yi daƙiƙa 2 bai amsa ba, Windows zai sake tayar da direba don kada kwamfutar gaba ɗaya ta sandare. Duk lokacin da hakan ta faru ana rubuta shi a kundin tarihin kwamfutar da lamba 4101. Na buɗe nawa kundin, ga 4101 nan jere reras har ƙasa. Mai gadin aikinsa yake yi daidai, ya ga kati ya suma ya yayyafa masa ruwa. Ni kuma sai na ga gaggawarsa ce ta yi yawa. Na bi shawarar wani, na kutsa cikin rajistar Windows, wurin da su kansu masu ba da shawarar ke gargaɗin kada a taɓa, na ƙara wa'adin daga daƙiƙa 2 zuwa 10. Sakamakon ya fito a daren. A da, daƙiƙa 2 nake kallon mai tsaron gida a sandare da dogon hannu kafin a rufe. Yanzu 10 nake yi. Zaman makokin kawai na tsawaita.

Na kai ƙara majalisarmu ta wajen mai shayi a Bauchi Road, amma a matsayin matsalar wani abokina. Nan take aka rabu gida-gida. Wani ya ce wuta ce, wadda ake kawowa ta yi ƙasa, ta janareto kuma tana rawa. Wani mai bibiyar kuɗin intanet ya ce an tsotse katin ne tun a Turai: a 2021 masu haƙar kirifto sun kwashe katunan hoto har farashi ya yi tashin gwauron zabi, da Ethereum ta daina wannan tsari a Satumbar 2022 kuma sai aka zubo gajiyayyun a kasuwar gwanjo, irinsu ake kawo mana. Wannan bayani ya burge ni ƙwarai, don ya ɗora laifin a kan mutanen da ban sani ba a wata nahiya. Wani dattijo da bai tsoma baki ba sai a ƙarshe ya ajiye kofinsa ya ce shi bai san kwamfuta ba, amma duk abin da zai yi aiki lafiya da rana ya ƙi yi bayan isha'i, to a nemi tofi. Aka yi dariya. Duk majalisar nan shi ne ya fi kusa da gaskiya, domin da rana a kan tebur take tana buga jarrabawa, da dare ne take hawa bargo. Tofin dai ban yi ba. Na dai daina juya fuskarta wajen banɗaki.

Maganar wuta ce ta fi shiga kaina, don ita ce ake maganinta da sayayya, ni kuwa ina son matsalar da ake kashewa da kuɗi a huta. Na sayo sitabilaiza sabuwa fil. Ina cikin haɗawa yaron ya ɗauki cajar kwamfutar, ya karanta ɗan rubutun da ke bayanta a hankali, ya ce, "Kawu, an rubuta tana karɓar wuta daga 100 har 240. Kuma ai akwai batir." Na ce ya je ya ga ko ana kiransa a kicin.

Saura mataki ɗaya, wanda masu bidiyo ke ajiyewa a ƙarshe suna sassauta murya: a goge komai a sake ɗora Windows. Na zaɓi daren Asabar. Da kwamfutar ta tambaye ni ko ta bar mini fayilolina ko ta share duka, sai na tuna mai bidiyon ya ce a yi aiki mai tsafta, na ce ta share duka. Jarrabawata tana kan filashi, gem kuma ana iya sake sauko da shi, ko da yake ya haura gigabait 40, wanda a lissafin garaɓasar dare yake nufin maƙwabcina zai fara tunanin ko in ja su tahajjud a azumi mai zuwa. Na kwanta ina jin na gama da ita.

Da safe uwargida ta shigo tana goge hannu da zane. Ita ce uwar adashin matan layinmu. Ta ce, "Malam, buɗe mini in duba wadda za ta kwasa wannan satin."

Na ce, "A ina?"

Ta ce, "A foldata mana. Wadda ke kusa da ta hotunan suna."

Na buɗe. Allon nan fes, babu komai sai kwandon shara a lungu, shi ma ba komai a cikinsa. Na fara bayani a kan direba, da lamba 4101, da DirectX. Ta kafa mini ido har na ji kalmomin suna ƙarewa da kansu. Ta ce, "Wato garin gyaran gira." Ba ta ƙarasa ba, ta san na san sauran. Allah Ya rufa asiri tana da wani littafi mai baƙin bango da take rubuta zubi a ciki tun kafin in kawo mata zamani, wanda ni ne na yi ta yi masa dariya. Hotunan suna kuwa ni aka ɗora wa bin dangi ɗaya bayan ɗaya ta WhatsApp ina roƙo, kowa kuma sai ya tambayi yadda aka yi suka ɓace.

Da gem ɗin ya gama saukowa muka zauna ni da yaron, Windows sabo dal, direba sabuwa dal, sitabilaiza tana ƙyafta ido a gefe, bargo har ƙirji. Aka dawo hutun rabin lokaci. Hannun mai tsaron gida ya tashi sama.

Uwargida ce ta yanke hukunci: ko a kai ta wajen masu gyara, ko a sayar a sayo injin markaɗe.

Na hau keke zuwa Taminus, na wuce kangon babbar kasuwar da ta ƙone a Fabrairun 2002, na ratsa masu gwanjo da masu kayan miya har layin masu waya da kwamfuta ta wajen Ahmadu Bello Way. Aka nuna mini wani ɗan ƙaramin shago. Mai shagon saurayi ne da na tabbata na koyar da sa'anninsa, ga almajiransa biyu a kan benci. Ya ce, "Sannu Baba, me ya same ta?" Baban nan ya soke ni, amma na daure. Na zauna na kwararo masa tarihi tun daga filashi har rajista, da shekarar da Vista ya fito, da haƙar kirifto. Ya saurara har ƙarshe ya ce, "Baba, ka yi karatu sosai. Ka auna zafinta?"

Na ce, "A Jos muke fa."

Bai amsa ba. Ya ɗora wata ƙaramar manhaja ta kyauta mai nuna zafin kowane sashe, HWMonitor, ya kunna gem ɗin ya bar kwamfuta tana buga wa kanta, muka zuba ido. 70. 80. 85. Ya ce irin waɗannan katunan an tsara su ne su fara rage gudu da kansu idan suka doshi 85 zuwa 90, don kada su ƙone, idan kuma abin ya ci tura sai su fara kuskuren lissafi, shi ne ɗigo-ɗigon da dogon hannun da nake gani, daga nan su daina amsawa. Katin ya tsallake 90. Babbar ƙwaƙwalwar kwamfutar, da suke raba bututun sanyaya ɗaya, ta nuna 97. Ni malami ne, na san cewa a tsayin Jos ruwa yana tafasa ne a wajen digiri 96, ba 100 ba. Wato abin da na yi wata da watanni ina rungume da shi a kan cinya ya fi ruwan mai shayinmu zafi. Kuma wannan a kan tebur ne, ba bargo.

Ya kife ta ya kwance kusoshi. Da ya ɗaga murfin sai almajiran suka taso. A bakin ƙarafunan da iska ke bi ta fita, ya sa ɗan hantsaki ya zaro wani faifan datti mai kauri kamar masa, guda cur, bai ko karye ba. Ya ɗaga shi sama kowa ya gani. Akwai jar ƙurar hunturu, wadda masana suka ce mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi iska ke kwaso ta, ta keto duk wannan tafiya ta ƙare a cikin kwamfutata. Akwai zaren bargo, launinsa ma bai canza ba. Akwai toka. Akwai gashin kyanwa. Fanka ɗaya ta daina juyawa gaba ɗaya, ɗayar ce ke ta ihu ita kaɗai, ni kuma ina jin ƙarar ina cewa ƙarfin inji ne. Ya cire bututun jan ƙarfen da ke kwashe zafi daga kan katin ya kai bakin fanka, ya nuna mini man da ake shafawa a tsakaninsu don zafin ya ratsa. Ya bushe ƙamas, yana farfashewa. Ya ce da alama tun daga masana'anta ba a sake shi ba.

Na yi yunƙurin ƙarshe don kare mutuncin gari da nawa. Na ce ai a kimiyyance iskar tudu ba ta kai ta bakin teku kauri ba, a tsayinmu ta ragu da kusan kashi 10 cikin 100, saboda haka fanka ba ta samun abin turawa sosai. Gaskiya ce kuwa, a littafi take. Ya ce, "Baba, ba iska ce ta yi kaɗan ba. Hanya ce babu." Ya nuna mini ramukan da ke ƙasan murfin. "Ta nan take shaƙa. A kan me ake ɗora ta in ana gem?"

Na ce, "Wallahi yaro ne ke bugawa. Ɗan ƙanwata. Ka san yaran yanzu."

Ya ce to. Ya kaɗe ƙurar da buroshi, ya hure da bulowa, ya gyara fankar da ta tsaya, ya goge tsohon man ya ɗiga sabo, ya ɗaure. Ya sake kunna gem ɗin don gwaji, sai ya shiga wajen da ake ajiye ɗan wasan da mutum ya ƙirƙira. Ni na ɗauka ya tafi tare da foldar adashi. Ashe irin wannan a intanet ake adana shi, ya dawo da kansa ba abin da ya same shi. Ga shi nan ya cika allo, yanzu da hoto ya dawo tangaram: riga mai lamba 9, sunana ɓaro-ɓaro a baya, shekara 19, dogo, suma cike da kai, ciki a shafe. Har gemun nawa ne, an dai cire furfurar.

Shagon ya yi tsit. Ɗaya daga cikin almajiran ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Mai shagon, Allah Ya yi masa albarka, ya ce, "Baba, sunanku ɗaya da yaron?"

Na ce, "Takwarana ne."

Aka buga wasa cikakke a gabana, ma'auni bai wuce 70 da 'yan kai ba, hannun mai tsaron gida yana nan a jikinsa. Kuɗin aikin bai kai abin da na ƙona a data ba, balle sitabilaiza. Yana miƙo mini ita ya ce ba kowace faɗuwar gem ce zafi ba, wani lokaci direbar ce da gaske, wani lokaci caja ce ba ta kai ƙarfin da kwamfutar ke nema ba, ko RAM, ko katin ne ya zo ƙarshe. Amma shi da ma'aunin zafi yake farawa, tunda kyauta ne kuma minti goma ya isa. Ya ce a riƙa ɗora ta a kan abu mai tauri, a ɗan ɗaga bayanta, a kawo ta shara duk bayan hunturu. Sannan ya ƙara da cewa, "A gaya wa yaron."

Uwargida ta ba da aron kujera 'yar tsugunno, a kanta kwamfutar ke zama yanzu, mu muna cikin bargo ita tana waje. Kyanwa ta zo ta shinshina gefen hagu sau ɗaya, ta juya, ba ta sake kallona ba. Yaron bai ce ai na faɗa ba. Da ma ya faɗa, da na sami abin yi masa faɗa a kai. Cewa kawai ya yi, "Kawu, an gyara?" ya miƙo mini hannun gem da hannu biyu cikin ladabi.

A nan ne na gano amfanin da ciwon yake yi mini. A da, ana kai uku da nema sai allo ya yi baƙi, a tashi ba a san wanda ya ci ba, in ce ai da ma yanzu nake shirin farkewa. Yanzu wasa yana kaiwa minti 90 har da ƙarin lokaci, hoto garau, inuwa ta dawo, 'yan kallo sun cika fili, ana maimaita kowace ƙwallo ta kusurwa uku a hankali don in ga yadda aka yi. Ɗan wasana mai shekara 19 yana tsaye a tsakiyar fili, hannu a ƙugu, ƙwallo ba ta zuwa wajensa. Uwargida kan leƙo ta tambayi nawa-nawa, yaron ya sunkuyar da kai ya faɗa mata gaskiya.

Saboda haka ina roƙon ƙanwata, idan wannan rubutu ya iso gare ta, hutu mai zuwa ta tura shi Bauchi wajen baffansa, su ma su ɗana. Akwai kuma sitabilaiza sabuwa ta sayarwa, da kwalinta da rasit, mai so ya same ni wajen mai shayi bayan magariba.